Agogo Sarkin Aiki: Mu 'Yan Jarida Ne Ko 'Yan Talla?

A cikin dukan kayan da ɗan Adam yake ɗaura wa jikinsa, ban san wanda kuɗinsa ya yi hannun riga da aikinsa kamar agogon hannu ba. Aikin agogo guda ɗaya ne tak, watau ya faɗi lokaci. To, amma a yau wanda ya fi ƙwarewa a wannan aiki shi ne mafi araha, wanda kuwa ake sayar da gida a saya shi ne ya fi yawan kuskure. Ɗauki ɗan baƙin agogon roban nan na Casio da ake kira F-91W, wanda ake ƙerawa tun 1989, wanda za ka gani a hannun ɗan makaranta da mai gadi da direban tasi. Masu shi sun ce kuskurensa ba ya wuce sakan 30 a wata guda. Shi kuwa agogon inji na ƙasar Suwizalan, wanda hukumar gwaji ta can ta ba takardar shaidar iya tsare lokaci, an yarje masa ya yi jinkirin sakan 4 ko gaggawar sakan 6 a kowace rana ta Allah. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Yana iya wuce lokaci da minti uku a wata, takardarsa kuwa tana nan ba a ƙwace ba.

Ashe ke nan ba lokaci ake saya da waɗannan miliyoyi ba, labari ake saya. Tun da kuwa labari ne hajar, maganar ta shigo gonarmu mu 'yan jarida, don mu ne masu kai labari kasuwa. Dalili ke nan da ya sa na daɗe ina bin rubuce-rubucen da ake yi a kan agogo a ƙasashen waje, abokan aikina suna yi mini dariya wai ina karatun abin da albashina na shekara goma ba zai saya ba. Gaskiyarsu. Amma ni hannun mai alƙalamin nake kallo, in ga ko shi ke juya abinsa ko kuwa wani ne ya riƙe masa.

Yadda aka yi agogo ya koma labari ba ɓoyayyen abu ba ne. Ran 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai aiki da batir da wani ɗan ƙanƙanin dutse da ake kira kwaz, ya raɗa masa suna Astron. Kuɗinsa a lokacin yen 450,000 ne, watau kuɗin ƙaramar mota. Sirrin abin shi ne, idan lantarki ya ratsa wannan dutse sai ya dinga karkarwa ba gaggawa ba jinkiri. A agogon batir na yau yana yin haka sau 32,768 cikin sakan guda, alhali ɗan gargaren da ke cikin yawancin agogon inji kai da komowa 4 kawai yake yi. Kafin shekara goma ta kewayo agogon batir ya yi araha ƙwarai, kasuwar mutanen Suwizalan ta karye. Ma'aikatan agogonsu, waɗanda suka kai wajen 90,000 a 1970, suka zube zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Da suka ga ba za su iya karawa da Japan wajen faɗin lokaci ba, sai manyansu suka sake salo. Suka daina cewa agogonmu ya fi naku gaskiya, suka koma cewa agogonmu ɗan asali ne. Aikin hannu ne, kakanni suka fara, wane ya hau dutse da shi, wane ya nutse teku da shi, wane ya je wata da shi. Dabarar kuwa ta ci. Agogon Rolex samfurin Daytona, wanda a shekarun 1960 kuɗinsa bai fi dala 200 da 'yan kai ba, kuma har yakan daɗe a kanti ba mai tayawa, shi ne aka yi gwanjon guda ɗaya a birnin Niyok cikin watan Oktoba 2017 aka saya dala miliyan 17 da dubu 750 da ɗoriya. Ba zinariya ba ne, ƙarfe ne. Abin da ya ɗaga shi kawai, ɗan wasan sinima Paul Newman ne ya ɗaura shi shekara da shekaru, kuma matarsa ce ta ba shi kyauta.

To, wa ke ba da irin wannan labari har ya zauna a zukatan masu kuɗi? Mujallun agogo ne, na takarda da na intanet. Wa kuma ke ciyar da mujallun? Nan gizo ke saƙar.

Idan ka shiga babban kanti ka ga sunaye barkatai, sai ka ɗauka masu agogo suna da yawa. A'a. Omega da Longines da Tissot da Breguet, har da Rado ɗin nan da alhazanmu suka yi yayi, duk na rukunin Swatch ne. Cartier da IWC da Panerai da Vacheron Constantin na rukunin Richemont ne. TAG Heuer da Hublot da Zenith na rukunin LVMH ne na Faransa. Rolex kuwa, wanda Hans Wilsdorf ya kafa harsashinsa a Landan a 1905 kafin ya koma Janiba, yana hannun wata gidauniya mai sunan mutumin, ba ya kuma bayyana wa duniya lissafin cinikinsa. Saboda haka marubucin da ya ɓata wa suna ɗaya rai, ya ɓata wa gida guda ne mai sunaye da yawa. Su ne masu ba da talla. Su ne ke ba da aron agogon da za a gwada, don babu mujallar da za ta iya sayen kowane sabon samfuri da kuɗinta. Su ne kuma ke gayyatar marubuta su ga masana'anta, sau da yawa har da kuɗin jirgi da masauki. Ba sai an ce da kowa ya yi ƙarya ba. Wanda ya soki kaya bana, baɗi sai ya ji shiru, babu aro, babu gayyata, abokan hamayyarsa kuwa sun riga shi buga hotunan sabon kaya. Shi ya sa za ka karanta sharhi ɗari ba ka gamu da guda da ya ce wannan agogo bai cancanci kuɗinsa ba. Iyakar sukar da za ka gani ita ce wai da an rage masa kauri kaɗan da ya fi.

Akwai wata mujallar intanet ta Amurka mai suna Hodinkee, wadda Benjamin Clymer ya fara a 2008. Ba na jin akwai wadda ta kai ta koya wa samarin zamanin nan son agogon inji, ni ma na ƙaru da ita ƙwarai. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ta buɗe kanti, ta shiga sayar da irin agogon da take yin sharhi a kansu. A 2020 ta karɓi jari na dala miliyan 40, cikin masu zubawa har da wani reshe na LVMH. A watan Oktoba 2024 kuma kamfanin Watches of Switzerland, babban dillalin agogo na Ingila, ya saye ta ɗungum, tare da alkawarin cewa ba zai sa wa marubutanta baki ba. Ban ce sun saɓa alkawari ba. Abin da na ce shi ne, mai karatu ba shi da hanyar ganewa, don labarin da aka fasa bugawa ba ya barin sawu.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Shekarun baya kaɗan wani dillalin agogo ya gayyace mu 'yan jarida wani babban otal a nan Legas, wai zai nuna sabbin kaya. Aka ci aka sha, aka yi jawabai. Da za mu fita aka miƙa wa kowa jaka. A ciki akwai takarda da aka riga aka rubuta labarin taron, har da kanunsa, ga ambulan na kuɗin mota, ga kuma agogo a ɗan akwati mai laushin ciki. Na kai wa editana jakar kamar yadda dokar gidan ta ce, shi kuma ya sa masinja ya mayar. Mako na zagayowa na ga wannan takarda a jaridu dabam-dabam, ba a canja ko waƙafi ba, sai dai sunan wakili da aka ɗora a sama. Ba na zagin kowa a kan haka. Na san abokan sana'a da ke yin wata uku ko huɗu ba su ga albashi ba, ga iyali, ga kuɗin haya na birnin Ikko. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana ɗan jarida neman toshiya ko karɓarta don ya buga labari ko ya danne shi, kowa kuwa ya haddace wannan tun a makaranta. Sai dai mai gidan jaridar da ya ƙi biyan ma'aikacinsa ya riga ya sayar da shi ga duk wanda zai biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne a ciki? In an yabi agogo fiye da kima, attajiri ya saya, ai kuɗinsa ne. Bari in ba da labarin da ya nuna inda yabo ba bincike yake kai mutane.

Cikin watan Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya fito da wani tsohon agogon Omega samfurin Speedmaster a Janiba, aka ce na 1957 ne, shekarar da aka fara ƙera irinsa. Wannan samfuri yana da daraja ta musamman, don jikansa ne Buzz Aldrin ya ɗaura ya taka wata da shi a 1969. Bugu da ƙari fuskar wannan guda, wadda asalinta baƙa ce, ta koɗe da tsufa ta koma ruwan ƙasa. Abin mamaki, a wurin masu tara tsofaffin agogo wannan koɗewa ado ce, kuɗi ake ƙara mata. An yi ƙiyasin zai kai faran 80,000 zuwa 120,000 na kuɗin Suwizalan. Da aka buɗe gwanjo sai tayi ya yi ta hawa, har aka sayar da shi a kan faran miliyan 3 da dubu 115 da 'yan kai, kuɗin da ba a taɓa sayen Omega da shi a gwanjo ba kafin ran nan. Mujallu suka buga, aka yi ta tafi, masu irin wannan agogo a akwati suka kwana suna lissafi.

Sai a watan Afrilu 2023 wani mai bincike da aka fi sani da Perezcope, mutumin da ba ya cin albashin kowane kamfanin agogo, ya fito da nasa rubutun. Aikinsa shi ne tara hotunan tsofaffin agogo yana gwama su, tabo da tabo, ƙarce da ƙarce, lamba da lamba. Ya nuna cewa an taɓa ganin wannan fuskar tun kafin gwanjo, amma a lokacin sauran sassan da ke tare da ita ba su ne waɗannan ba. Watau an tsinto gaɓoɓi daga nan da can an haɗa, an kawo wa duniya a matsayin agogo guda da ya kwana shekara sittin da huɗu ba a taɓa shi ba. Jaridar Neue Zürcher Zeitung ta birnin Zurik ta bi sawu. Daga nan sai asiri ya tonu gaba ɗaya. Ashe mai sayen ba kowa ba ne illa kamfanin Omega da kansa, don ya ajiye a gidan tarihinsa. Kamfanin ya amsa cewa lalle agogon haɗe-haɗe ne, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki, har da wanda ke shugabancin gidan tarihin a lokacin, wanda aka ce shi ya shawo kan manya cewa irin wannan kaya ba a barinsa ya wuce ko nawa ne. Gidan gwanjon ya ce shi ma yaudararsa aka yi.

A duba wannan al'amari da kyau. Ga kamfanin da ya ƙera agogon, da littattafan ajiyarsa. Ga gidan gwanjo da ƙwararrunsa. Ga mujallu da wakilansu da suka ga kayan. Duk ba wanda ya ɗaga murya, sai mutum guda da tarin hotuna. Ba don ya fi su ido ba ne. Gidan gwanjo yana cin la'ada gwargwadon tsadar kaya, kamfani yana jin daɗi idan tsohon agogonsa ya yi suna don sabo ya ƙara daraja, mujalla kuwa tana son ta zauna lafiya da su duka biyu. Mutumin nan harshensa na da kaifi, wani lokaci har ni mai karatu nakan ji ya wuce gona da iri, amma shi kaɗai ne a wurin ba shi da kaza a aljihu, don haka shi kaɗai ya iya cewa as.

Ba kuwa karo na farko ke nan ba. A ƙarshen 2009 TAG Heuer ya yi shelar wani sabon inji da ya kira 1887, ya ce ɗungum aikin gidansa ne. Masu sha'awar agogo, ba manyan mujallu ba, su suka gwama hotuna suka ce ai wannan tsarin wani injin Seiko ne. Shugaban kamfanin na lokacin, Jean-Christophe Babin, ya fito ya amsa cewa daga Seiko suka sayi izinin tsarin sa'an nan suka yi masa gyare-gyare. Injin ba shi da laifi, yana aiki sarai. Laifin na labarin ne. Haka nan da wuya ɗan talla ya gaya maka cewa rubutun nan na ƙasan fuska mai nuna an yi agogo a Suwizalan, bisa dokar da ta fara aiki a 2017, kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙira kawai ya wajabta a kashe a ƙasar, sauran kashi 40 yana iya fitowa daga ko'ina. Ba zai gaya maka ba kuma cewa agogon da aka rubuta wa mita 30 a baya ba na iyo ba ne, iyakarsa yayyafi da fantsalin ruwan alwala.

Ni dai inda na fara koyon wannan karatu ba a mujalla ba ne, a gaban teburin wani tsoho mai gyaran agogo ne a Agege. Mahaifina ya sauke farali a 1982, ya sayo Seiko 5 a Jidda, irin mai nuna ranakun mako da Larabci, wanda ba ya son batir ba ya son wani, motsin hannu kaɗai ke ciyar da shi. Da ya zo hannuna na kai wa tsohon ya wanke. Ya saka ɗan gilashinsa a ido ɗaya, ya kwance bayan, ya juyo mini da shi. Ya nuna mini 'yan jajayen duwatsun nan da ake rubuta adadinsu a fuska, ya ce kada in ruɗu, ba na haƙowa ba ne, a masana'anta ake yinsu, amfaninsu kawai su hana ƙarfe cin ƙarfe. Ya ce injin lafiya lau, mai kawai ya bushe.

Ba a daɗe ba wani ɗan baffana ya ga nawa ya yi sha'awa, ya sayi irinsa ta hoton waya, cinikin biri a sama. Kaya ya iso, fuska shar da ita kamar jiya aka yi, har ta fi tawa kyau. Kwana tara ya tsaya. Muka kai wa tsohon. Yana buɗewa ya yi murmushi, ya ce fuskar fenti ce aka sake, injin kuma an haɗo shi daga matattun agogo biyu ko uku, ga tsatsa nan. Irin waɗannan suna da yawa a duniya, har masu tara agogo sun laƙaba musu sunan birnin Mumbai na Indiya, inda ake yawan haɗa su. Ciwon da ya kama Omega a kan faran miliyan 3 shi ne ya kama ɗan'uwana a kan 'yan dubban nairori. Na ce, “Baba, kai da ka san kaya haka, me ya hana ka kasa naka ka dinga sayarwa?” Ya ce, “Ɗana, ran da na fara sayarwa, ran nan duk agogon da ke kan teburin nan zai zama mai kyau.” Na yi shekara biyu ina karatun aikin jarida, an koya mana wannan magana da dogon Turanci, amma ban ji wanda ya faɗe ta a gajarce haka ba.

Duk wannan dai asarar kuɗi ce. Inda abin ya fi tsorata ni shi ne sabon yayin da ya shigo, watau agogo mai ƙwaƙwalwa, wanda ke haɗe da waya, yana ƙirga taku yana auna bugun zuciya. Kamfanin Apple ya fito da nasa a 2015, kuma bisa ƙiyasin kamfanin bincike na Strategy Analytics, a 2019 ya sayar da wajen miliyan 31, alhali dukan masana'antun Suwizalan a haɗe wajen miliyan 21 suka fitar. Na ƙwarai daga cikin irin waɗannan agogo suna da amfani, wasu har sukan faɗakar da mutum idan bugun zuciyarsa ya rikice. Amma a bayan na ƙwarai akwai tulin na jabu da suka cika kasuwannin kayan waya, kwalinsu ɗauke da alkawarin da ko asibiti ba ta yi.

Wata gwaggona tana fama da ciwon sukari. Ɗanta, don ƙauna, ya sayo mata irin wannan agogo, an ce masa yana auna sukari da hawan jini ba sai an huda yatsa ba. Tsohuwa ta ji daɗi, ta ajiye na'urarta ta gwaji, don kullum agogo na gaya mata komai daidai. Da na je gaishe ta na ce, “Gwaggo, ara mini shi kwana ɗaya.” Na zo da shi ofis, na ɗaura wa kwalbar lemo. Ya haska ɗan koren haskensa, ya yi jim kaɗan, ya ce zuciyar kwalba tana bugawa lafiya, sukarinta ma daidai. Muka ɗaura wa ƙafar kujera, ita ma ya ba ta lafiya. Aka yi ta dariya a ɗakin labarai, amma ni dariyar ba ta kai ciki ba, don da aka gwada gwaggo da na'urar gaskiya sukarinta ya yi sama ƙwarai. A watan Fabrairu 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a fili cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna sukarin jini da kansa ba tare da huda fata ba, ta ce dogara da su yana iya sa mutum ya sha magani ba daidai ba, har ya halaka.

Na rubuta labarin kwalba a jaridar da nake yi wa aiki a lokacin. Kafin ya shiga, wani daga sashen talla ya hauro ya same ni. Ya ce, “Malam, ka san masu shigo da irin kayan nan suna da rabin shafi a wurinmu duk mako?” Na ce na sani. Ya ce to a sassauta, a ce wasu daga ciki ne ba su cika daidai ba. Edita ya tsaya, labari ya fita yadda yake, rabin shafin kuwa ya tafi bai dawo ba. Ba na ganin mutumin tallan a matsayin mugu, don daga irin wannan rabin shafi ake biyanmu. Amma a ce na'urar da ke ba kwalba lafiya “ba ta cika daidai ba”, ai wannan ba sassauci ba ne.

Ko a kan na ƙwarai ɗin ma akwai tambayar da ta shafe mu mu baƙar fata, wadda da wuya ka ga mai sharhi ya yi. Waɗannan agogo da haske suke aiki, suna aika shi cikin fata su karanta abin da ya dawo. A watan Disamba 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka suka buga bincike a kan na'urar asibiti da ake maƙala wa yatsa don auna iskar da ke cikin jini, wadda ita ma da haske take aiki. Suka tarar tana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙe kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farare. Binciken a kan na'urar yatsa ne, ba a kan agogo ba, amma ya isa ya sa duk mai gwada agogo ya faɗi a kan wace irin fata ya gwada. Na karanta sharhi ba adadi a kan kyan gilashi da daɗewar batir, wannan kuwa sai ka tona kafin ka samu. In ba mu muka yi tambayar ba, ban ga wanda zai yi mana ita ba.

Akwai kuma wani amfani na sanin agogo da ya wuce kare mai saye. Agogo dukiya ce da mai ita ba ya iya daurewa ya ɓoye. Gida ana iya rubuta shi da sunan ƙane, kuɗi ana iya kai su waje, amma agogo don a gani ake sayensa. A watan Maris 2024 wata 'yar ƙaramar kafar labarai ta ƙasar Peru mai suna La Encerrona ta zauna ta bi dubban hotunan da fadar gwamnati da kanta ta ɗauka na shugabar ƙasar ta lokacin, Dina Boluarte. Wuyan hannunta kawai suka dinga dubawa. Suka ƙirga agogo fiye da goma, har da Rolex, waɗanda ba a san yadda ta same su ba. Da fari ta ce guminta ne. Kafin watan ya ƙare 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suka ɓalle ƙofar gidanta da dare suna bincike, daga baya ta ce aro ne wani gwamna abokinta ya ba ta.

Mu ma nan muna da hotuna. Kowace jarida tana da dubbai, na rantsarwa da na buɗe ayyuka da na ɗaurin aure, hannayen babbar riga sun zame, abin da ke ƙasa yana ƙyalli. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa masu riƙe da muƙami su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, sai dai hukumar ta sha ƙin nuna wa 'yan jarida takardun, tana cewa Majalisar Tarayya ba ta tsara sharuɗɗan yin haka ba. Saboda haka ko mun gane samfuri mun san kuɗinsa, babu takardar da za mu gwama da ita. Ga kuma wata matsalar, jabu ya yi ƙwarewar da hoto kaɗai ba zai raba shi da na ainihi ba, ɗan jaridar da ya yi gaggawa sai ya ɗora wa mai agogon Idumota laifin mai agogon Janiba. Duk da haka na buɗe wani fayil a kwamfutata, ina ajiye irin waɗannan hotuna da ranakunsu da wuraren da aka ɗauke su. Wanda na fi gani a ciki zuwa yanzu wani mai muƙami ne da na ƙirga wa agogo bakwai cikin wata goma sha ɗaya, kuma na aika wa ofishinsa tambaya a rubuce tun makonni uku da suka wuce.